Saƙo ɗaya da kan iya tsayar da ciniki: Yadda ake yi wa kundin sunayen intanet faci

Ranar kasuwa a Dambatta, tun kafin rana ta take, masu POS sun riga sun kafa lemominsu a bakin titi. Ɗan kasuwar da ya taso daga Dawanau neman riɗi ko wake ya daina ɗauko kuɗi a jaka kamar da, waya ce a hannunsa. Manomin da ya kawo buhu biyu daga Makoda ko Kunchi kan tsaya kusa da mai POS har sai alat ya shigo, sannan ya bari a ɗora kayan a mota. Tun bayan ƙarancin takardun kuɗi na farkon shekarar 2023, wanda ya biyo bayan sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, wannan hanya ta zama jiki har a ƙauyukan da ba su taɓa ganin reshen banki ba.

Idan kuɗi suka ƙi tafiya, magana ɗaya ake ji daga kowane baki: babu netwok. Sai dai cututtuka iri-iri ne ke ɓoye a ƙarƙashin wannan magana. Wani lokaci masu aikin titi ne suka datse wayar da aka binne a ƙasa, wani lokaci man janaretan ƙarfen sabis ne ya ƙare, wani lokaci kuma kwamfutocin banki ne suka cika a ƙarshen wata. Akwai kuma wata cutar da ba kasafai ake ambaton ta ba, wadda kan sa waya ta nuna sabis cike, data na nan, amma babu shafin da zai buɗe. Ita ce tsayawar kundin sunayen intanet, wanda masana ke kira DNS. Sau da dama a tarihi an gano cewa saƙo guda ɗaya tak, idan an tsara shi da mugun nufi, zai iya tsayar da na'urar da ke riƙe da wannan kundi.

Hakimi, dagaci da mai unguwa

Kwamfutoci ba su san suna ba, lamba suka sani. Kowace na'ura da ke kan intanet tana da lambar adireshi, kuma da wannan lamba ake isa gare ta. Mutum kuwa suna yake iya riƙewa. Saboda haka duk lokacin da aka buɗe manhajar banki ko shafin wata hukuma, abu na farko da waya ke yi, kafin a kai ga maganar kuɗi ko lambar sirri, shi ne ta tambaya: wannan suna, wace lamba ce tasa? Wani injiniya ɗan Amurka, Paul Mockapetris, shi ya tsara hanyar amsa wannan tambaya a shekarar 1983, kuma har yau a kanta ake tafiya.

Tsarin ya yi kama da yadda baƙo ke neman gidan wani a ƙasar Bichi. Hakimi bai san gidan kowa ba, amma ya san dagacin garin. Dagaci zai tura shi wajen mai unguwa, mai unguwa kuma ya nuna masa ƙofar gidan. A intanet, matsayin hakimi na hannun manyan na'urorin tushe, masu sunaye 13 daga harafin A zuwa M, waɗanda aka baza kwafinsu a ɗaruruwan wurare a duniya. Su ba su san adireshin bankin kowa ba, amma sun san mai kula da duk sunan da ya ƙare da .ng, wato ƙungiyar NiRA da aka kafa a 2005. Na'urorin NiRA su kuma za su nuna sabar da ke riƙe da sunan bankin kansa, ita ce mai amsar ƙarshe.

Waya ba ta yin wannan zirga-zirga da kanta. Akwai ɗan aike a tsakani, wata saba ce da kamfanin sadarwa ko ma'aikata ke ajiyewa, wadda ke karɓar tambaya, ta bi matakan nan, ta dawo da amsa cikin ƙiftawar ido, ta kuma riƙe amsar na ɗan lokaci domin mai tambaya na gaba. Ɗan aike guda na iya yi wa dubban mutane hidima. Idan ya tsaya, bankin na nan lafiya lau, wayar ƙarƙashin ƙasa ba ta yanke ba, amma babu mai nuna hanya.

Manhajar da ta fi daɗewa tana wannan aiki ita ce BIND, wadda aka fara rubutawa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a farkon shekarun 1980. Yanzu wata ƙungiya mai zaman kanta a Amurka, ISC, ke kula da ita, kuma kyauta ake raba ta. Babban zubinta na yanzu, BIND 9, ya fito a shekarar 2000. Akwai takwarorinta irin su Unbound da PowerDNS, da kuma dnsmasq, wata 'yar ƙaramar manhaja da ke zaune a cikin akwatunan raba intanet da yawa na gidaje da ofisoshi ba tare da masu su sun san da ita ba.

Hari iri biyu

Harin hana aiki ba sata ba ne. Maharin ba ya ɗaukar ko sisi daga asusun kowa, hana mutane isa ga hidimar kawai yake yi. Irin da aka fi sani shi ne na cunkoso: a tara dubban na'urori da aka yi wa kutse, a sa su yi ta aika tambayoyin banza wuri guda har mai tambayar gaskiya ya rasa hanyar shiga. Haka aka yi wa kamfanin Dyn na Amurka ranar 21 ga Oktoba 2016, inda aka yi amfani da kyamarorin tsaro da akwatunan intanet na gidajen mutane. Dyn kuwa aikinsa riƙe kundin sunaye ne, shi ya sa Twitter da Netflix da wasu manyan shafuka suka gagari jama'a na sa'o'i alhali su kansu ba a taɓa su ba. A Afirka ma, a watan Yulin 2023, irin wannan hari ya gurgunta shafin eCitizen na gwamnatin Kenya, kuma a watan Agusta na shekarar hukumar NITDA ta gargaɗi ma'aikatu da kamfanonin Najeriya su yi hattara.

Harin cunkoso yana buƙatar runduna. Iri na biyu kuwa mutum ɗaya da kwamfutar hannu ya isa, muddin akwai ɓaraka a cikin manhajar. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ranar 28 ga Yulin 2015, ISC ta sanar da irin wannan ɓaraka, wadda aka yi wa rajista da lamba CVE-2015-5477. Wani mai bincike, Jonathan Foote, shi ya gano ta ta hanyar cusa wa manhajar gurɓatattun saƙonni barkatai har ya dace da wanda ya kayar da ita. An gina BIND ne da wata ɗabi'a ta taka-tsantsan: idan ta tsinci kanta a halin da marubutanta suka ce ba zai taɓa yiwuwa ba, sai ta kashe kanta nan take, gudun kada ta ci gaba da ba da amsar da ba ta tabbata ba. Kamar akawu ne da zai rufe shago da zarar lissafi ya ƙi daidaita. Ɗabi'ar ba ta da laifi, amma an samu wata irin tambaya mai suna TKEY da ke jefa manhajar cikin wannan hali da gangan. Tambaya ɗaya, saba ta mutu. A tashe ta, a sake aiko tambayar, ta sake mutuwa. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne jerin waɗanda aka yarda su yi tambaya bai kare kowa ba, domin manhajar kan faɗi tun kafin ta kai ga duba jerin. Magani ɗaya ne: a sa sabon zubi, 9.9.7-P2 ko 9.10.2-P3. Cikin 'yan kwanaki aka wallafa hanyar kai harin a fili, kuma a farkon watan Agusta kamfanin tsaro na Sucuri ya ba da rahoton cewa an fara amfani da ita a kan sabobin da ba a gyara ba.

Tarkon mabuɗai

Ɓarakar da ta fi ba masana mamaki ita ce wadda aka bayyana ranar 13 ga Fabrairun 2024, aka laƙaba mata suna KeyTrap, mai lamba CVE-2023-50387. Masu bincike na cibiyar ATHENE ta ƙasar Jamus ne suka gano ta, kuma abin da ya bambanta ta da sauran shi ne ba kuskuren mai rubuta wata manhaja guda ba ne. Kuskuren na cikin ƙa'idar da kowa ya bi.

Ga yadda abin yake. Domin kada wani ya yi wa ɗan aike ƙarya ya tura masu neman banki zuwa shafin 'yan damfara, an ƙirƙiro wani ƙarin tsari mai suna DNSSEC. A ƙarƙashinsa kowace amsa kan zo da hatimi na lissafi, tare da mabuɗin da za a gwada hatimin da shi. Tun da mai suna na iya mallakar mabuɗi fiye da ɗaya, musamman lokacin da yake sauya tsoho da sabo, sai ƙa'idar ta ce: idan mabuɗai da yawa suka zo da alama iri ɗaya, ɗan aike ya gwada su duka, ɗaya bayan ɗaya, a kan kowane hatimi, har sai ya dace ko sun ƙare. Niyyar ta alheri ce, kada a ƙi amsar gaskiya saboda gajen haƙuri. Wannan umarni ya samo asali tun ƙarshen shekarun 1990, ya kuma shafe fiye da shekara 20 babu wanda ya lura da abin da ke cikinsa.

Abin da ke cikinsa lissafi ne mai sauƙi. Mahari zai yi rajistar suna nasa, ya shirya amsa mai ɗauke da tarin mabuɗai masu alama ɗaya da tarin hatimai waɗanda babu na gaskiya ko ɗaya a cikinsu, sannan ya sa ɗan aike ya tambayi sunan. Idan mabuɗai 100 ne da hatimai 100, gwaji 10,000 ke nan, kuma kowane gwaji aiki ne mai cin ƙarfin kwamfuta. Ɗan aike mai biyayya zai duƙufa yana ta gwadawa, sauran masu tambaya na jere suna jira. Masu binciken sun nuna cewa amsa ɗaya na iya daskarar da wasu manhajojin na 'yan mintuna, BIND 9 kuwa har tsawon sa'o'i 16. Sa'o'i 16 sun zarce yinin kasuwa tun daga asuba har bayan isha'i. A ƙiyasinsu, kusan kashi 31 cikin 100 na masu amfani da intanet a duniya a lokacin suna bin 'yan aiken da ke duba hatimi, ciki har da na Google mai lamba 8.8.8.8 da na Cloudflare mai lamba 1.1.1.1.

Duniya ba ta ga wannan bala'i ba, saboda masu binciken ba su fara da shela ba. Tun a watan Nuwamba 2023 suka sanar da masu manhajojin a asirce, aka shafe watanni ana gyara, manyan kamfanoni suka toshe nasu, sannan aka fito da labarin da maganin rana ɗaya. BIND ta fitar da 9.16.48 da 9.18.24, Unbound ta fitar da 1.19.1, dnsmasq kuma 2.90. Gyaran, a taƙaice, shi ne a koya wa ɗan aike cewa haƙuri na da iyaka: ya gwada 'yan kaɗan, idan bai dace ba ya watsar, kuma kada aikin duba hatimi ya tare hanyar sauran tambayoyi. Wato sai da aka saɓa wa ƙa'idar kafin a tsira daga gare ta.

Ranar da aka yi shela

Irin wannan gyara shi ake kira faci, kuma sunan ya dace, domin da aikin mai facin taya a bakin tasha duk tafiyarsu ɗaya: a gano hudar, a liƙe, a mayar. Bambancin shi ne mai faci ba ya shelar inda hudar take. A duniyar manhaja kuwa, fitar da faci shi ne shelar. BIND buɗaɗɗiyar manhaja ce, kowa na iya ɗora tsohon zubi kusa da sabo ya ga layin da aka sauya, daga nan ya gane abin da ake gudu. Saboda haka sabar da ba a gyara ba ta fi shiga haɗari washegarin sanarwa fiye da jajibirinta. ISC kan ba masu kula da na'urorin tushe da abokan hulɗarta da masu haɗa tsarin Linux sanarwa kafin sauran jama'a. Wanda ba ya cikin waɗannan, agogonsa na fara bugawa ne daidai lokacin da na masu kutse ya fara.

A nan ne batun ya daina zama na injiniyoyi kaɗai. Kwatanta shi da abin da ya faru wata guda bayan KeyTrap zai nuna dalili. Ranar 14 ga Maris 2024, wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa. Intanet ya yi rauni a ƙasashen Afirka ta Yamma, wasu bankunan Najeriya suka ba abokan hulɗarsu haƙuri, kuma gyaran ya buƙaci jiragen ruwa na musamman da makonni. Babu abin da wani darakta a sakatariyar Audu Bako zai iya yi a kai. Facin BIND kuwa kyauta ne, sa shi ba ya wuce mintuna, ba ya buƙatar jirgi ko canjin dala. Abin da yake buƙata shi ne mutumin da aka ɗora wa alhakin, wanda ya san cewa facin ya fito.

Wannan mutumin ne ake yawan rasawa. Manyan kamfanonin sadarwa da bankuna na da ma'aikatan da aikinsu ke nan dare da rana. Matsalar ta fi kwanciya a ƙananan wurare: kwaleji, asibiti, sakatariyar ƙaramar hukuma, cibiyar zana jarrabawa ta kwamfuta, ko ƙaramin kamfanin da ke sayar wa unguwa intanet. Labarin kusan ɗaya ne a ko'ina. Ɗan kwangila ya kafa saba, an yi bikin buɗewa, kwangila ta ƙare, ya tafi da lambar sirri. A kasafin kuɗi akwai layin sayen sababbin na'urori, na kula da tsofaffi kuwa babu. Ma'aikacin da ya gaji na'urar yana tsoron taɓa ta, domin idan ya sabunta ta wani abu ya lalace shi za a tuhuma, idan kuwa ya bar ta aka kawo hari, za a ce netwok ne. Duk tsarin da ya sa yin shiru ya fi gyara aminci ga ma'aikaci, shi ya buɗe wa mahari ƙofa.

Akwai kuma tarkon tsufa. Kowane zubin BIND na da wa'adi. ISC ta daina kula da 9.11 a 2022, ta kuma daina kula da 9.16 a 2024. Sabar da ke kan zubin da wa'adinsa ya ƙare, sai dai idan masu tsarin Linux ɗin da take kai sun ɗauki nauyin ci gaba da gyara ta, ba za ta ƙara samun faci ba ko da an gano ɓaraka goma.

Aikin kansa ba mai wuya ba ne ga wanda ya iya. Zai fara da sanin abin da ke hannunsa, umarni ɗaya ke nuna lambar zubin. Zai ajiye kwafin saitunan, ya sa sabon zubi a kan saba ɗaya, ya sake tashe ta, domin facin da aka sauke ba a sake tashin manhajar ba bai fara aiki ba, sannan ya gwada ta kafin ya koma kan ta biyun. Wannan ya nuna cewa dole a samu ta biyun. Wurin da ke da saba ɗaya tilo ba ya iya gyara ba tare da katse hidima ba, shi ya sa yake ta ɗagewa. Yana da kyau kuma a raba aiki, sabar da ke riƙe da sunan ma'aikata daban, ɗan aiken ma'aikatanta daban, kuma kada a bar ɗan aiken yana amsa wa duk wanda ya ga dama daga ko'ina a duniya. A lokacin KeyTrap wasu sun ga gajeriyar hanya, su kashe duba hatimi gaba ɗaya. ISC ta yarda cewa hakan na kawar da haɗarin, amma ba ta ba da shawarar a yi ba, domin cire ƙofa ne saboda makulli na cijewa.

Doka ma ta shigo cikin lamarin. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa masu gudanar da irin waɗannan na'urori su kai rahoton hari ga ngCERT, cibiyar da ke ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma gyaran da aka yi wa dokar a 2024 ya rage wa'adin kai rahoton daga kwana 7 zuwa sa'o'i 72. Sai dai wanda bai san abin da ya kashe sabarsa ba, bai san ma an kai masa hari ba balle ya kai rahoto.

Ɗan kasuwa ba shi da saba, amma yana da abin yi. Mai POS da ke riƙe da layuka biyu na kamfanoni daban-daban ya riga ya yi wa kansa tanadin 'yan aike biyu ko bai sani ba. Lambobin tura kuɗi da ake dannawa da tauraro ba sa bin data daga wayar mutum, don haka sukan yi aiki a wasu lokutan da manhajar banki ta ƙi buɗewa. Mai shagon da ke da akwatin raba intanet zai iya sa mai gyaransa ya duba ko akwai sabuntawar da kamfanin akwatin ya fitar, ya kuma saita ɗan aike na biyu. Akwai gwaji mai sauƙi da masu gyara ke yi: a nemi wata na'ura da lambarta, sannan a neme ta da sunanta. Idan lamba ta tafi suna ya ƙi, ciwon na kundin sunaye ne, ba sai an hau rufi ana juya eriya ba.

Shi kuwa babban sakatare ko daraktan mulki da ke sa hannu a takardar kwangila, ba sai ya iya rubuta manhaja ba. Ya isa ya tambayi wace manhaja ke riƙe da sunayen ma'aikatarsa, wane zubi ne, yaushe aka sabunta ta, kuma sunan wa ke rubuce a matsayin mai alhakin. Zai kuma iya sa a rubuta cikin kwangila adadin kwanakin da ɗan kwangila ke da su ya sa faci bayan an sanar da shi, da sharaɗin miƙa lambobin sirri kafin biyan kuɗin ƙarshe. Tambayar ba ta rana ɗaya ba ce. Wata biyar bayan KeyTrap, a watan Yulin 2024, ISC ta sake sanar da ɓaraka huɗu masu iya hana BIND aiki, ta fitar da 9.18.28. A watan Janairun 2025 ta sanar da wasu biyu, ta fitar da 9.18.33 da 9.20.5.